Ɗigon 3 ko na 6: wanne za a ɗora wa ƙaramar bindigar aiki?

Wani matashin hafsa da ke aiki a nan Kaduna, wanda na riƙe wa hannu a filin harbi tun yana kadet, ya turo mini wannan tambaya: "Baba, ranka ya daɗe. Za a kawo mana sababbin fistol masu gurbin ɗora madubin saiti, irin mai jan ɗigon nan, kuma oga ya ce in rubuto shawara kafin wata ya ƙare. Na duba takardun kamfanoni na ga 2 MOA, na ga 3.25, na ga 6.5, kaina ya ɗaure. Abokan aikina duk sun ce ƙarami ya fi, wai babban ɗigo rufe abin harbi yake yi. Wanne zan rubuta?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abokan aikinka ba ƙarya suka yi ba, sai dai gaskiyar doguwar bindiga ce suka ɗauko suka jingina wa ƙarama. Da ni aka miƙa wa alƙalamin, zan rubuta cewa kada a sayi ɗigon da ya gaza 3, in kuma madubi iri ɗaya ne aka ce a zaɓa tsakanin mai 3.25 da mai 6.5, a ɗauki mai 6.5. Abu ɗaya tak zai sa in sauko daga kan wannan magana, shi ne ƙurar garin nan, kuma zan zo kanta. Amma tun da oga zai nemi dalili, bari mu bi ta sannu don kada ka tsaya gabansa kana inda-inda.

Tukuna, saboda masu karatu da ba sa cikin kaki. Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattun bindigogi, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Ba ɗaya suke da bindigar farauta mai lasisin Sufeto Janar ba, balle ta toka da kwamishinan 'yan sanda ke iya sa wa hannu. Don haka maganar nan ta ma'aikaci ce wanda hukuma ta danƙa wa makami, kuma shi ma ba ya ɗaura wa bindigar gwamnati komai sai da izini, ta hannun mai kula da ma'ajiyar makamai.

To, mene ne MOA ɗin? Awon kusurwa ne, ba na tsawo ba. Da'ira digiri 360 ce, kowane digiri an raba shi gida 60, kowane gida shi ne MOA ɗaya. Masu ƙera madubin sun zaɓi wannan awo ne domin ɗigon ba a jikin abin harbi yake ba. Ba irin hasken nan ba ne da ake gani a fim yana yawo a ƙirjin mutum. Wani ɗan ƙwan lantarki ne a bayan madubin yake haska gilashi, gilashin ya mayar da hasken cikin idonka, sai ka ga kamar ɗigon na zaune can kan takarda. Girmansa a idonka ba ya canzawa ko da wane nisa, takardar ce ke ƙanƙancewa in ta yi nisa. Lissafin da za ka riƙe guda ɗaya ne: MOA ɗaya yana rufe kusan santimita 2.9 a mita 100. Turawan Amurka na cewa inci ɗaya a yadi 100, duk kusan abu ɗaya ne. Sauran duka ninkawa ne da rabawa.

Mu sauko da shi mita 25, inda ake gwada fistol. A nan MOA ɗaya milimita 7 ne da 'yan kai. Ɗigon 3.25 zai rufe santimita 2.4, wato ya ɗan ɗara batirin CR2032 da ke cikin madubin kansa, wanda faɗinsa santimita 2 ne. Ɗigon 6.5 zai rufe santimita 4.7, kamar ka tsaya a mita 25 kana kallon ƙwan kaza. A takardar gasar fistol ta mita 25, da'irar maki goma faɗinta santimita 5 ne, baƙin da ke kewaye da ita kuma santimita 20. Ka ga ke nan "babban" ɗigon da ake tsoro yana shiga cikin da'irar goma ya zauna, har da ɗan saura. A mita 10 kuwa, inda yawancin aikin fistol yake ƙarewa, bai cika santimita 2 ba.

Ga abin da nake so ka faɗa wa abokan aikinka. Ƙarfen saitin gaba da suke harbi da shi tun suna makaranta, faɗinsa milimita 3 ne da ɗoriya. In mutum ya miƙe hannu, ƙarfen yana nesa da idonsa da santimita 60 ko fiye kaɗan. Ka buga lissafin, zai ba ka MOA 17 ko 18. A mita 25 wannan ƙarfe yana rufe abin da ya haura santimita 12. Shekara da shekaru suna cin jarrabawar harbi da abu mai MOA 17, ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ya rufe masa takarda. Yau an ba su mai 6.5, wanda bai kai rabin wancan ba, sun ce ya yi girma.

Na san inda maganar ta samo asali. A doguwar bindiga ɗigon 2 shi ne gwani, shi ya sa madubin Aimpoint CompM4 da sojojin Amurka ke ɗorawa a kan nasu yake da 2. Doguwar bindiga tana jingine da kafaɗa da kumatu da hannu biyu, kuma ana neman ta kai mita 300. A mita 300 ɗigon 6.5 zai rufe wajen santimita 57, ya haɗiye ƙirjin mutum gaba ɗaya. A can, ƙarami ba zaɓi ba ne, dole ne. Amma fistol fa? Tana reto ne a ƙarshen hannuwa biyu, ba abin da ya tokare ta, kuma ba wanda zai tura ka da ita mita 300.

Wannan reton shi ne ainihin maganar. Cikin waɗanda suka bi ta hannuna, wanda zai tsaya da ƙafarsa a mita 25 ya zuba harsashi goma duka cikin farar takarda A4, ba ko ɗaya a waje, na kan ce masa ya iya. Faɗin A4 santimita 21 ne, wato wajen MOA 29 a wannan nisa. Hannun da ke yawo cikin MOA 29, me bambancin MOA 3 tsakanin ɗigo da ɗigo zai ƙara masa ko ya rage masa? Kamar mai auna hatsi da tiya ne yana rigima a kan ƙwayar gero.

Ƙaramin ɗigo ma yana da wata illa da ba a rubutawa a jikin kwali. Yana tona rawar hannu. Rawar tana nan tun can, ƙarfen saiti ne yake ɓoye ta saboda kaurinsa. Da ka ba sabon hannu ɗigon 2, sai ya ga abu yana tsalle-tsalle a tsakiyar takarda kamar ƙuda a kan tire. Hankalinsa ya tashi, ya shiga farautar lokacin da ɗigon zai gifta tsakiya, da ya gifta sai ya fizgi kunama. In da hannun dama yake harbi, je ka duba ƙasa ta hagu, a can za ka tsinci harsashinsa. Ɗigon 6 shi ma yana rawa daidai da wancan, amma da yake rawar ba ta fi jikinsa da yawa ba, sai ido ya ga kamar yana numfashi ne a wuri ɗaya. Mutum ya natsu, ya matsa kunama a hankali. Bindigar ba ta ƙara kyau ba, mai ita ne ya daina faɗa da ita.

Sai rana. Masu rubuta takardun da ka karanta, da yawansu a rufaffen fili suke gwaji, ƙarƙashin fitila. Mu kuwa filinmu a buɗe yake, tudun da ke tare harsashi jar ƙasa ce, kuma ka san yadda ranar Maris da Afrilu take a Kaduna da ƙarfe sha biyu. Wata rana irin haka wani kyaftin ya zo da madubi mai ɗigon 2 da ya saba da shi a wani kwas da ya yi a waje. Da safe, kafin ƙarfe tara, ya yi harbin da kowa ya tafa masa. Da rana ta take, na ga yana ɗaga bindiga yana saukewa, yana latsa maɓallin ƙarin haske. Ya latsa, ya latsa, har ya kai ƙarshe. Na ce ya ba ni in leƙa. Abin da na gani ba ɗigo ba ne, wani jan tabo ne mai gashi-gashi a gefe, ga wani jan hazo ya zagaye bakin gilashin. In da za a auna shi a lokacin, ya kai 5 ko ya fi, kuma ba shi da gefen da za ka ce nan ya tsaya. Na miƙa masa wata mai 6.5 da ke kan tebur, haskenta a tsakiya. Ya leƙa ya yi shiru, can ya ce, "Oga, wannan ai ya fi nawa ƙanƙanta."

Bai fi ba. Abin da ya faru shi ne, ƙaramin ɗigo ba shi da faɗin da ido zai kama a cikin rana, sai an cika masa wuta, wuta kuwa in ta yi yawa sai ta fantsama. Babba ana ganinsa saboda faɗinsa, ba sai an ƙure masa haske ba, don haka gefensa yana fita tas kamar an yanka da reza. Lambar da ke jikin kwali girman ɗigo ne a takarda. Girman da idonka zai gani, lamba ce da haske da lafiyar ido suka haɗu suka haifa. Kuma ka tuna haske a ƙure cin batir ne. Dabarar daidaita haske ba wuya: ka kalli wuri mafi haske da za ka iya fuskanta a ranar, farin bango ko farar mota a rana, ka rage har ɗigon ya fara ɓacewa, sannan ka ƙara taki ɗaya ko biyu. Wasu na tambaya ko kore ya fi ja. Idon ɗan Adam ya fi saurin kama kore, wannan gaskiya ne, kuma a kan jar ƙasarmu da rani yana fita sosai. Da damina in ciyawa ta rufe ko'ina, ja ne ke rama wa kansa. Ban ɗauki launi abin ɓata tawada a takardar oga ba.

Na ambaci lafiyar ido, bari in tona kaina. Karo na farko da na leƙa irin wannan madubi na riga na haura hamsin. Na ga ɗigon da jela, kamar waƙafi, wani lokaci kuma kamar ɗigo uku sun manne da juna. Na ce wa mai shi an sayar masa da jabu. Yaron, da ladabinsa, ya ɗauko waya ya ɗauki hoton ɗigon ya nuna mini: kewayayye sumul. Na ƙi yarda. Sai ya cire madubin daga bindiga ya ce in leƙa yana juya shi a hankali kamar sitiyari. Madubi na juyawa, jela tana nan inda take, tana kallon ƙarfe biyu na agogo. Da a gilashin aibin yake, da ta juya tare da shi. A idona take. Likita ya auna ya ce astigmatizim ne, wato gaban idon bai lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, shi ya sa ɗigon haske ba ya taruwa wuri ɗaya. Shekaru talatin ina harbi ban sani ba, don ƙarfe ba ya haske.

Mai irin idona ƙaramin ɗigo azaba ne gare shi, musamman in an cika masa wuta, domin jelar tana fin ɗigon girma har ka rasa ina ne kai ina ne wutsiya. Babba mai matsakaicin haske yana da jikin da ya rinjayi jelar, kana ganin tsakiyarsa. Ba ya warkar da komai, tabarau ne magani, amma yana sa a iya aiki. Yanzu ka tuna ba kanka kaɗai kake zaɓar wa ba. A cikin mutanen da za a raba wa bindigogin nan akwai saje mai shekara arba'in da biyar wanda yake nesanta takarda kafin ya karanta, akwai wanda bai taɓa zama gaban likitan ido ba tun gwajin shiga aiki. Ɗigon da idonka na ɗan shekara ashirin da bakwai ke gani tsaf, su ba haka za su gan shi ba. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa nan a Mando, ba nisa. Da zan sa baki, da sai kowa ya je an auna shi kafin a ba shi madubi. Su dattawan kuwa su za su fi kowa morar abin, domin wahalar ƙarfen saiti ita ce ido ya kama ƙarfen gaba da ke kusa, abin da ke gagarar wanda ya haura arba'in. Da jan ɗigo takarda kawai ake kallo, ido biyu a buɗe, ɗigon ya zo ya same ka a can.

Akwai kuma lokacin da bindiga ta tashi. Madubin fistol a kan silaid yake zaune, wato ƙarfen saman nan da ke zabura baya ya dawo duk harbi. Ɗigon yana ficewa ta saman gilashi ya dawo cikin ƙiftawar ido. Abin da ido ke gani ba ɗigo ba ne, jan zare ne ya yi sama ya sauko. Zaren ɗigon 2 siriri ne, yana saurin kuɓucewa. Na 6 kamar an ja layi da alli ne, kana bin sa har ya dawo mazauninsa, kuma harbi na biyu a nan yake. 'Yan gasar harbin sauri sun riga kowa gane wannan. Tun 1990 Jerry Barnhart ya ci gasar ƙasa ta Amurka da jan ɗigo a kan fistol, a shekarar kuma Doug Koenig ya ci ta duniya a Adelaide ta Ostireliya da irinsa. Daga nan abin ya bazu a cikinsu, kuma madubin C-More da suka daɗe suna amfani da shi ana samunsa da ɗigon 6, da 8, har 12 da 16. Mutanen da ake auna musu lokaci da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma maki ke raba su, ba su ji tsoron babban ɗigo ba. Sai daga baya abin ya shigo bindigar aiki: Trijicon ta fito da ƙaramin madubinta RMR a 2009, Glock ta fara yanka gurbin madubi daga masana'anta a 2015, sojojin Amurka kuma suka karɓi fistol ɗin M17 a 2017 da gurbin a jikinta.

Ba na ce ƙarami ba shi da rana ba. Daga mita 50 zuwa sama lissafi ya fara juyawa: 6.5 yana rufe santimita 9.5 a mita 50, santimita 19 a mita 100, ya kusa shafe farantin ƙarfe mai santimita 20. Mai 3.25 rabin haka yake ci. In akwai wasu ƙalilan a cikinku da aikinsu ke buƙatar harbi mai nisa ko a ɗan ƙaramin wuri, masu ido garau da hannun da ya sha harsashi, a ba su 3.25, za su ji daɗinsa. Mai 1 kuwa, wanda Trijicon ke yi a RMR da SRO, ka bar wa mai jingina bindiga a kan buhun yashi. Akwai kuma masu raba gardama irin Holosun 507C, mai ɗigon 2 a cikin da'irar 32, kana iya kunna ɗigo kaɗai, ko da'ira kaɗai, ko duka biyu. Da'irar tana rufe santimita 9 a mita 10, tana saurin kamuwa ƙwarai. Wasu na sonta. Ni tana cika mini gilashi, kuma mai astigmatizim in ya kunna duka biyun sai ya ga kamar an watsa barkono. Ban hana ba, amma a gwada kafin a saya da yawa.

Yanzu ga ƙurar da na ce zan zo kanta. Yawancin madubin fistol buɗaɗɗu ne. Gilashi ɗaya ne a gaba, ɗan ƙwan da ke haska shi yana zaune a baya a fili, iska ce kawai tsakaninsu. Duk abin da ya faɗa wannan rami ya shiga tsakanin ƙwai da gilashi. Ka rataya irin wannan a ƙugu cikin Disamba ko Janairu, ka hau bayan mota a buɗe daga Kawo zuwa Jaji, ka sauka ka leƙa. Na ga wanda ɗigonsa ya koma kamar an fasa tumatir, na ga wanda ya dushe har sai an kare shi da tafin hannu kafin a gan shi. Kuma ramin yana kallon sama ne in bindiga tana cikin kube, kamar an ajiye kasko ana tarar hazo. Da damina ɗigon ruwa ɗaya in ya zauna a kan ƙwan, sai ya tarwatsa hasken gida-gida. Ana hurewa, ana sharewa da ɗan burushi mai laushi, amma ba a gaban matsala ake tsayawa shara ba. Kada kuma a goge busasshiyar ƙura da gefen riga, yashi ne, zai kankare rufin gilashin.

Rufaffen madubi ya kashe wannan magana. Akwati ne mai gilashi gaba da baya, ƙwan yana ciki ba abin da ke kai gare shi. In ƙura ta hau, babban yatsa ya isa. Aimpoint ta ƙasar Suwidin, wadda ta fara sayar da jan ɗigo tun 1975, tana yin ACRO P-2, ɗigonsa 3.5 ne. Trijicon na da RCR mai 3.25. Holosun na da 509T, tana kuma da EPS wanda ake samu da ɗigon 6. To a nan ne nake saukowa: in zaɓin ya zama tsakanin buɗaɗɗe mai 6.5 da rufaffe mai 3.5, ga mutumin da zai kwana a shingen hanya ko ya shiga daji, rufaffen nake ɗauka ba tare da na waiwaya ba. Ɗigon 3.5 da ke nan kullum ya fi 6.5 da hunturu ya shaƙe. In an samu rufaffe mai 6, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Tun da ka ce "girma", ka sani akwai girma na biyu da ya fi ɓata wa masu saye kuɗi, wato na jikin madubin. Gurbin da aka yanka a silaid ba iri ɗaya ba ne. Zaman RMR daban, na DeltaPoint Pro daban, na ACRO daban, na RMSc da ake sa wa sirara daban. Wasu bindigogin da faranti suke zuwa wanda ake sauyawa, wasu kuwa zama ɗaya aka yanka musu. Kafin ka rubuta sunan kowane madubi, je ka ga bindigar da idonka ka san gurbinta. Ka sa a takardarka cewa a haɗo da dogayen ƙarfen saiti da za a iya hangowa ta ƙasan gilashi in batir ya mutu, da kube da aka yi domin bindiga mai madubi, don tsohon ba zai rufe ba. Ka duba ta ina ake sa batir: na RMR a ƙasa yake, sai an kwance madubin, an mayar, an sake tabbatar da saiti, alhali na SRO da DeltaPoint Pro ta sama ne, na ACRO P-2 ta gefe. Ga rundunar da harsashin gwaji ke da ƙidaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Jabu kuma sun cika kasuwa, da tambari da kwali da komai. Wanda aka yi domin bindigar wasa ba ya jure zaburar silaid, kafin a gama magazin biyu saitinsa ya tafi yawo.

Wata ƙorafi da za ka ji a makon farko, ko wane ɗigo aka saya, ita ce "Oga, ba na ganin ɗigon." Za su zaro, su miƙe hannu, gilashi fayau ba komai, sai ka ga ana jujjuya bakin bindiga kamar mai neman sabis da waya. Kada ka bari a ɗora wa girman ɗigo laifin. Ɗigon 12 ma in bakin bindiga ya karkace ba ya cikin gilashi. Galibi sama ya yi, don sun saba ɗaga ƙarfen gaba su gan shi tukuna. Maganinsa riƙo ne iri ɗaya kullum da maimaici, da bindigar da mutum biyu suka tabbatar ba harsashi a cikinta, minti goma kowace rana. In ka ga suna kallon ɗigon maimakon takarda, manna ɗan salatif ka rufe gaban gilashin. Ido ɗaya zai ga ɗigo, ɗayan ya ga takarda, ƙwaƙwalwa ta haɗa su, kuma harsashi zai tafi inda ya kamata. Ranar da suka ga haka da idonsu suke daina leƙen gilashi kamar ramin makulli.

Kafin ka miƙa takardar, roƙi oga ya sa mai kawo kayan ya ba da samfuri biyu, mai 3 da wani abu da mai 6 da wani abu. Ɗebi mutum shida, kada ka zaɓi gwanaye: biyu matasa, biyu masu tabarau, biyu da suka haura arba'in. A daidaita saitin duka biyun a mita 25. Kowa ya yi harsashi biyar a natse a mita 25, sannan biyu-biyu da sauri a mita 7 daga kube, da kowane madubi. A yi da ƙarfe takwas na safe, a sake da ƙarfe ɗaya na rana, in da hali a ƙara bayan magariba da tocila, domin farin hasken tocila a kan bango yana wanke ɗigon da aka rage wa wuta. Kada ka tambaye su wanne suka fi so kafin a tattara takardun, don duk za su ce ƙarami, shi ne mai kama da na gwanaye. Rubuta sunan kowa da lokaci a bayan takardarsa, ka auna faɗin ramukan da rula, ka liƙa su a bayan shawararka. In ranar Asabar ce ku yi, ka aiko a ɗauke ni, ina da salatif da rula, amma ruwan sha na wuyanka.